Tarihin binciken sifor na yisti da rabon Afirka a cikinsa

1. Gabatarwa

Duk mai gasa burodi a Agadas ya san yisti, haka ma matan da ke kwaɓa ƙullun fanke su rufe shi har ya tashi. Garin da ake saye a ƙunshi tarin halittu ne masu rai, daga dangin fumfuna da naman kaza. Kowace ɗaya ƙwaya ce tilo mai zaman kanta, faɗinta tsakanin kashi 5 da kashi 10 cikin 1000 na milimita. Sunanta na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. Muddin akwai sukari a inda take, toho take yi: ƴa ta fito a jikin uwa, ta girma, ta ɓalle, duk cikin abin da bai kai sa'a biyu ba. Idan abinci ya yanke, sai ta bi wata hanya dabam. Takan daina toho, ta raba gadonta gida huɗu, ta rufe kowane kaso cikin ƙwanso mai tauri, ta jira sauƙi ya zo.

Wannan hanya ta biyu ita ce batun maƙalarmu. Za mu bi tarihin yadda aka gano ta, mu nuna abu uku. Na ɗaya, babban kaso na abin da aka sani yau game da yadda iyaye ke ba ƴaƴa gado, a mutum da dabba da tsiro, daga nan aka koyo shi. Na biyu, yistin da aka ɗebo daga abin sha na Afirka yana da hannu a wannan tarihi. Na uku, yistin da ɗan Adam ya daɗe yana ciyarwa yakan rasa wannan baiwa, abin da ya sa yistin gargajiya da na daji suke da daraja ga mai bincike.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Ƙwaya ita ce abin da Faransanci ke kira cellule. Sifor ita ce ƙwayar nan mai ƙwanso da ke jiran abinci. Jakar da sifor huɗu ke kwance a ciki ana ce mata asque, daga wata kalmar Girkanci mai nufin jakar fata ta zuba ruwa. Mu da muka san ayarin Bilma muna da sunanta, wato salka. Sifor huɗu na salka ɗaya za mu kira su ƴan huɗu. Jen shi ne yanki ɗaya na gado, kuromozom kuma zaren da jen ke jere a kansa. Ƙwaya mai jeri biyu ita ce mai kwafi biyu na kowane kuromozom, mai jeri ɗaya kuwa kwafi ɗaya gare ta. Meyoz shi ne rabon da ke mai da mai jeri biyu zuwa masu jeri ɗaya guda huɗu.

2. Gano sifor: 1680 zuwa 1883

Tun 1680 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ƙwayoyin yisti a madubinsa na ƙara girma, amma bai ɗauke su masu rai ba. Sai wajen 1837 mutum uku, kowa yana aikinsa dabam, suka ce yisti halitta ce mai hayayyafa: Cagniard de la Tour a Faransa, Schwann da Kützing a Jamus. Manyan masana sinadarai irin su Liebig suka ƙi yarda, aka yi ta jayayya har Louis Pasteur ya fitar da babban aikinsa kan tsimuwar barasa a 1860.

Masu binciken wancan zamani yisti mai ƙoshi kawai suke dubawa, wanda ke cikin ruwan inabi ko ruwan sha'ir, saboda haka toho kaɗai suke gani. A 1868 Jules de Seynes ya ba da rahoton ƙananan ƙwayoyi a cikin ƙwayar yisti. A 1870 Max Reess a Jamus ya shimfiɗa yisti a kan yankakken kayan lambu irin su karas, inda abinci ya yi masa ƙaranci kuma iska na shiga, ya ga salka da sifor ɗinta, ya kuma ga sifor ta farka ta koma toho. Da wannan ya sanya yisti cikin rukunin fumfuna masu salka. A 1872 Engel ya kawo dabarar da aka yi shekaru da yawa ana amfani da ita: a shafa yisti mai ƙarfi a kan tubalin filasta mai laima, inda babu abinci ko kaɗan.

Wanda ya fara cin moriyar wannan ilmi kamfani ne. J. C. Jacobsen, mai masana'antar giya ta Carlsberg a Kopenhagen, ya kafa ɗakin bincike a 1875. A can Emil Christian Hansen ya ware ƙwaya ɗaya tak ya raine ta har ta zama tsatso mai tsabta, aka fara aiki da shi a masana'antar a 1883. Hansen ya auna yawan zafi da tsawon lokacin da kowane tsatso ke bukata kafin ya yi sifor, ya ga kowanne da nasa. Shi da abokan aikinsa suka mai da wannan hanyar kama gurɓata: yistin daji da ke ɓata giya yakan yi sifor da wuri a kan filasta, na masana'anta kuwa yana jinkiri ko ya kasa. A lokacin an ɗauki wannan bambanci dabarar aiki ce kawai. Za mu ga ma'anarsa a sashe na 7.

3. Yistin Afirka a ɗakunan binciken Turai: 1893 zuwa 1914

A 1893 Paul Lindner a Balin ya bayyana wani yisti da aka samo daga giyar gero ta Afirka ta Gabas. Wannan ba ya toho, tsagewa yake yi gida biyu. Lindner ya raɗa masa suna Schizosaccharomyces pombe, domin pombe ita ce giya da Sawahili. A 1894 Beijerinck ya bayyana ɗan'uwansa mai sifor takwas, a 1895 kuma Schiönning ya ga ƙwaya biyu na wannan ɗan'uwa suna haɗewa kafin salka ta fito. Nan aka fara zaton cewa sifor tana da alaƙa da barbara. Ya kamata mu lura cewa tsatson pombe da ɗakunan bincike ke aiki da shi yau, wanda Urs Leupold ya kafa ilmin gadonsa a 1950, daga ruwan inabin Faransa ya fito. Suna da bayanin farko ne suka zo daga Afirka.

Alexandre Guilliermond, masanin tsirrai a Liyon, shi ya tabbatar a farkon ƙarni na 20 cewa idan ƙwaya biyu sun haɗe, cibiyoyinsu ma haɗewa suke yi. A 1914 ya wallafa bayanin yistin da tawagar Auguste Chevalier ta kwaso daga Afirka ta Yamma, daga abin sha irin su bammi da bili da tsimin citta. Ya ba su sunaye sababbi, ciki har da Saccharomyces chevalieri. Daga baya aka gane cewa da yawansu rassa ne na Saccharomyces cerevisiae. An ajiye waɗansu da ransu a rumbunan ƙwayoyi na Turai, ana ta sabunta su daga kwalba zuwa kwalba. Wajen shekara 100 bayan haka suka sake shigowa cikin labarin.

4. Ƴan huɗu a matsayin ma'aunin gado: 1935 zuwa 1965

Øjvind Winge ya karɓi sashen nazarin halittu na Carlsberg a 1933. A 1935 ya nuna cewa yisti yana da zango biyu a rayuwarsa: ƙwayar da ke toho cikin tukunya mai jeri biyu ce, sifor kuwa mai jeri ɗaya. A 1937 shi da Otto Laustsen suka yi amfani da allurar gilashi da wata na'ura ke motsawa a ƙarƙashin madubi, suka fasa salka, suka ware ƴan huɗu, suka raini kowace dabam. Sai ga ƴan salka ɗaya sun ba da zuriya masu kama dabam-dabam.

Muhimmancin wannan sai an kwatanta. Mendel ya ƙirga ƙwayar waken Turai 7324 kafin ya fitar da lissafin 3 da 1 a kan siffar ƙwaya kaɗai, domin abin da yake gani sakamakon rabe-rabe ne masu yawa da suka cakuɗe. A mutum ma haka ne: maniyyi miliyoyi ne a gauraye, ƙwan mace kuma kaso ɗaya ne ke saura daga kowane meyoz, sauran su lalace. Yisti kuwa yakan ƙulle duk kaso huɗu na meyoz ɗaya a salka ɗaya. Idan uwa na ɗauke da nau'i biyu na wani jen, sifor biyu za su ɗauki wannan, biyu su ɗauki wancan. Ana ganin dokar Mendel da ido, 2 da 2, a kowace salka.

Winge ya gamu da cikas: sifor ɗin tsatsonsa da zarar ta farka sai zuriyarta su barbari juna su koma masu jeri biyu. A 1943 Carl da Gertrude Lindegren, a birnin Sen Luwis na Amurka, suka sami tsatson da ba ya yin haka, suka gano cewa masu jeri ɗaya jinsi biyu ne, waɗanda suka kira a da alfa. Sai a ta gamu da alfa ake samun mai jeri biyu da ke iya yin sifor. Daga nan haɗa tsatso biyu ya zama aikin yini ɗaya. A 1949 Winge da Catherine Roberts suka gano jen ɗin da ke haddasa halin tsatson Carlsberg. Shi ne ake kira HO yau, mai sa ƙwaya ta sauya jinsinta.

Salkar da ta saɓa wa 2 da 2 ta koyar da fiye da wadda ta bi doka. A 1949 Boris Ephrussi a Pari ya yi nazarin yistin da ba ya iya numfashi, mai yin ƙananan tsibi. Da ya haɗa shi da lafiyayye, duk ƴan huɗu suka fito lafiyayyu, 4 da 0. Ya ce gadon wannan hali a wajen cibiya yake. A shekarun 1960 aka tabbatar cewa a mitokondiri yake, wato gaɓar numfashi ta ƙwaya. Lindegren kuma ya dage cewa yana ganin salka masu 3 da 1, ya ce wani lokaci nau'in jen ɗaya na juya ɗan'uwansa. Winge ya ce kuskuren aiki ne, suka yi shekaru suna musu mai zafi. Herschel Roman a Siyatil ya nuna cewa da yawa daga misalan Lindegren daga ƙwayoyi masu jeri fiye da biyu suka fito. Amma a 1955 Mary Mitchell ta tabbatar da juyin jen a fumfunar Neurospora, aka kuma tabbatar da shi a yisti. Don bayyana irin waɗannan salka ne Robin Holliday ya zana fasalinsa na musayar zaren ADN a 1964.

Wata ƙaramar dabara ta sauƙaƙa aikin duka. A 1959 Johnston da Mortimer suka nuna cewa ruwan cikin dodon koɗi yana narkar da fatar salka ya bar sifor lafiya. Daga nan mutum ɗaya ya iya ware salka da dama a yini, taswirar kuromozom 16 na yisti ta soma cika.

5. Abin da ke gudana a cikin ƙwaya: 1969 zuwa 1998

Zuwa shekarun 1950 an daina amfani da filasta, an koma ruwan asetat, gishirin tsamin binegar. An kuma san sharuɗɗan: ƙwaya ta zama mai jeri biyu, haɗin a da alfa, ta rasa azot, ta rasa gulukoz, ta sami abin da za ta ƙona da numfashi, irin su asetat. Idan ɗaya ya ɓace, babu sifor. Tambayar da ta rage ita ce yadda ƙwaya ke haɗa waɗannan labarai ta yanke shawara.

A 1969 Michael da Rochelle Esposito suka soma tara yisti masu tawayar gado da ba sa iya kammala sifor, suka ba jen ɗinsu suna SPO tare da lamba. A 1986 Mitchell da Herskowitz suka nuna cewa furotin ɗin jen RME1 shi ke hana mai jeri ɗaya shiga meyoz, kuma haɗuwar a da alfa ce ke kashe shi. A 1988 Kassir da Granot da Simchen a Isra'ila suka gano IME1, jen ɗin da labarin jinsi da labarin yunwa ke haɗuwa a kansa. Idan ya tashi, sai ya tada rukunin jen na farko. A 1995 ɗakin binciken Nancy Kleckner a Habad ya gano NDT80, mai buɗe mataki na biyu. Kafin NDT80 ya kama aiki, idan aka mayar wa ƙwaya da abinci takan fasa ta koma toho. Bayan ya kama, sai ta kammala ko da an zuba mata sukari.

Tsakanin waɗannan matakai biyu ne ake musayar gado. Ƙwaya takan kwafi kowane kuromozom, sa'an nan na uwa da na uba su jeru kafaɗa da kafaɗa. A 1983 Szostak da Orr-Weaver da Rothstein da Stahl suka kawo ra'ayin cewa musayar na farawa ne da yanke zaren ADN gaba ɗaya. Mutane da yawa sun yi shakka, domin yanke ADN shi ne irin lahanin da hasken nukiliya ke yi. A 1989 aka ga yankan a yisti mai meyoz. A 1997 ƙungiya biyu suka gano wuƙar: Keeney da Giroux da Kleckner a Amurka sun kama furotin Spo11 a manne da bakin yankan, Bergerat da Nicolas da Forterre da abokansu a Faransa kuma sun nuna cewa ɗan'uwan wani anzim ne na ƙwayoyin da ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ƙwaya takan yanke ADN ɗinta da kanta a wuri 150 zuwa 200, ta ɗinke ta hanyar kwafa daga kuromozom ɗin da ke kusa. Wajen 90 daga ciki kan ƙare da musayar hannu. Ɗinkin nan shi ke haifar da salka masu 3 da 1 da Lindegren ya gani.

Madubi mai aiki da lantarki ya nuna yadda ake gina sifor. Moens da Rapport a 1971, da Byers da Goetsch bayansu, sun ga cewa tantanin cibiyar yisti ba ya wargajewa lokacin meyoz. Cibiyar kan miƙe ne ta yi kunne huɗu. A bakin kowane kunne akwai turken da zaren jan kuromozom ke ɗaure. A rabo na biyu, ƙananan ƙunshin tantani kan taru a bayan kowane turke, su haɗe, su faɗaɗa kamar bakin jaka har su lulluɓe kunnen tare da rabonsa na mitokondiri. Aaron Neiman ya nuna a 1998 cewa ƙwaya na karkatar da hanyar da ta saba fitar da kaya waje ne don wannan gini. Da jakar ta rufe sai a gina ƙwanso hawa huɗu: mannan, gulukan, kitozan, sai ditirozin a waje. Briza da Breitenbach a Biyana suka gano hawa biyu na waje a 1986 da 1988. Kitozan ɗan'uwan abin da ke taurara jikin fara ne. A ciki kuma an tara guzurin sukarin tirehaloz da gilikojen. Uwar da ta yi wannan aiki ita ce ke zama salka.

Idan asetat ya yi kaɗan, ƙwaya ba ta gina sifor huɗu raunana; takan gina uku, ko biyu, ko ɗaya. Davidow da Goetsch da Byers sun lura a 1980 cewa idan biyu ne, takan zaɓi ɗaya daga kowane ɓangare na rabon farko, abin da ke sa sau da yawa ɗaya a ce ɗaya alfa, masu iya haɗewa su mai da jeri biyu.

A 1996 aka kammala karanta ADN na yisti ƙarƙashin jagorancin André Goffeau na Beljiyam: harafi wajen miliyan 12, jen wajen 6000. A 1998 Chu da abokansa suka auna dukkansu a lokaci ɗaya yayin da ƙwaya ke yin sifor, suka ga wajen 500 suna tashi rukuni bayan rukuni.

6. Daga yisti zuwa mutum da hatsi

Kusan duk abin da aka gano a yisti an same shi a sauran halittu. A 2000 aka cire Spo11 daga ɓera, namiji da mace duka suka zama marasa haihuwa. A 1999 aka nuna, a yisti mai toho da pombe, cewa furotin Rec8 ne ke riƙe kwafi biyu na kuromozom har lokacin rabuwarsu. A ƙwan mace ana ɗaura wannan riƙo tun tana cikin mahaifiyarta, yana kuma sassautawa da shekaru. Wannan na daga manyan dalilan da suka sa ɓari da tirizomi 21 ke ƙaruwa idan shekarun uwa sun ja.

Yoshinori Ohsumi a Japan ya yi nazarin yadda yisti mai yunwa ke cinye kayan cikinsa don ya sake gini da su. A 1993 shi da Tsukada suka ware tawaya 15 na wannan aiki. Masu irin wannan tawaya ba sa iya yin sifor, domin da tsohon furotin ake gina sabo. Ya sami kyautar Nobel a 2016. A 2011 kuma Ünal da Amon suka nuna cewa tsohuwar ƙwaya da ta kusa daina toho, idan ta yi sifor, ƴan huɗunta kan fito da cikakken tsawon rai kamar na sabuwa. Daga baya aka ga cewa lalatattun kaya ana barin su ne a wajen jakunkunan huɗu, su narke tare da uwa.

Ga manomi, abin lura shi ne aikin ƙungiyar Raphaël Mercier a Barsai. A 2009 suka kashe jen uku a wani ƙaramin tsiro na gwaji, biyu daga ciki SPO11 da REC8, sai meyoz ya koma rabo marar musaya. A 2019 aka yi amfani da irin wannan dabara a shinkafa, aka sami irin da ke maimaita halin uwarsa daidai. Manufar ita ce manomi ya iya ajiye irin haɗi mai yawan amfani ya sake shukawa ba tare da ya lalace ba. Ƙasar da ke rayuwa a kan gero da dawa da wake tana da dalilin bin wannan bincike da ido.

7. Yistin gida, yistin daji da tsatson Afirka ta Yamma

Tsatson da aka karanta ADN ɗinsa a 1996, S288C, yawancin gadonsa daga wani yisti ne da Emil Mrak ya ɗebo a ruɓaɓɓen ɓaure a Kalifoniya a 1938. Wannan tsatso rago ne wajen yin sifor. Masu binciken meyoz sun fi aiki da SK1, wanda Kane da Roth suka gabatar a 1974, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa kan yi sifor cikin yini ɗaya, kusan a tare. Da shi aka kama Spo11, da shi aka yi awon 1998. A 2009 Gianni Liti da abokansa suka gwada ADN na tsatso da dama daga sassan duniya, suka sami rassa masu tsabta guda 5, ɗaya na Afirka ta Yamma, wanda yistin Guilliermond na bili da na citta ke wakilta. Suka kuma ga cewa babban kaso na gadon SK1 daga wannan reshe yake. Ke nan yistin da aka fi koyon meyoz a jikinsa dangin na tulunan Afirka ta Yamma ne. A 2011 aka haɗa tsatson bili da wani na dajin Amurka, aka yi ta barbara da sifor har zuriya 12, don gano jen ɗin da ke sa jure zafin digiri 40.

Me ya sa wani tsatso ke yin sifor da sauri, wani ya kasa? A daji sukari na ɗan lokaci ne: ɗan itace ya nuna, ya ruɓe, ya bushe. An nuna a 2007 da 2008 cewa idan ƙudan ƴaƴan itace ya ci yisti, ƙwaya mai toho takan narke a cikinsa, sifor kuwa ta fita da rai saboda hawa biyu na waje; cikin ƙudan kuma yakan narkar da salka, ƴan salka dabam-dabam su gauraya su barbari juna. Sifor ita ce guzurin tafiya da hanyar sabunta jini. A tukunyar da ake ɗibar tsohon ƙullu a zuba a sabo kullum, yunwa ba ta zuwa, jen ɗin sifor kan lalace ba tare da wata asara ta bayyana ba. A 2009 Gerke da Lorenz da Cohen suka nuna cewa sauyin harafi 4 kacal a jen 3, wato IME1 da RME1 da RSF1, ya bayyana yawancin bambancin da ke tsakanin wani yistin itacen daji da wani na gonar inabi. A 2018 masu bincike a Sitirasbur da Nis suka karanta ADN na tsatso 1011, suka ware rassan giyar Afirka, da bammi, da koko na Afirka ta Yamma. A 2022 De Chiara da abokansa suka auna sifor a wannan tari, suka tabbatar cewa na daji suna yi da kyau, na gida da yawa sun raunana ko sun daina. Abin da Hansen ya gani a kan filasta ke nan. Tsatsonsa na 1883 ma ashe haɗin jinsi biyu ne, kamar alfadari, shi ya sa sifor ɗinsa ba su cika rayuwa ba.

8. Kammalawa

Tsatson da ba ya yin sifor masu rai yana da wuyar haɗawa da wani, saboda haka yana da wuyar gyarawa ta hanyar barbara. Yistin ƙunshi da ake shigo da shi an zaɓe shi ne don saurin tashi da jure busarwa a masana'anta. Yana da amfaninsa, amma duk inda ya maye gurbin tsohon ƙullu, yistin da ya saba da gero da madara da zafin wurin yakan ɓace ba tare da kowa ya lura ba. Binciken da aka yi a maƙwabta ya nuna akwai abin nema: a Burkina Faso da Gana an sami Saccharomyces cerevisiae shi ya fi yawa a dolo da fito, a furar arewacin Gana kuma an sami Kluyveromyces marxianus, yistin da ke girma a zafin da ya kai digiri 45.

Muna ganin wannan aiki ne da ƙaramin ɗakin bincike zai iya. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana kusa da wurare iri biyu da tarihin nan ya nuna muhimmancinsu: ƙullun masa da nono da fura na cikin gari, da kuma dabino da rumman da lemo na lambunan Abzin irin su Timiya, inda ƴaƴan itace da ƙwari ke haɗuwa. Abin da ake bukata shi ne kwanon raino, da ruwan asetat na kashi 1 ko 2 cikin 100, da madubi mai ƙara girma sau 400, da ɗalibin da zai ƙirga salka nawa ne cikin ƙwaya 200 bayan kwana 1, da 3, da 7, a zafi dabam-dabam. Wannan awo kaɗai zai raba tsatson da za a iya barbararsu da waɗanda ba za a iya ba.

Sharaɗi ɗaya muke ƙarawa. Yistin da Chevalier ya kwaso ya shiga rumbunan Turai da sunan abin sha da sunan yanki, masu tulunan kuwa ba su sami komai ba daga abin da aka gano da shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi izini da rabon amfani kan irin wannan dukiya. Kamar yadda cibiyar ICRISAT ta Sadore ke ajiye irin gero da lamba da asalinsa, haka ya kamata kowane tsatso da aka ɗebo a rubuta garinsa da abincin da ya fito da ranar ɗiba, da yardar masu shi, a kuma ajiye kwafinsa a Nijar kafin a aika da wani waje.